Tsofaffin Auta Duk Sittin Gare Su

Wata huɗu cur Auta ta yi tana bin gida-gida da na'urar awon jini a jaka, tana auna tsofaffin mata saboda binciken digirinta na biyu. Takarda ɗari biyu ta cika, kowace da shekarun tsohuwa da awon jininta. To ranar da ta kai wa malamin da ke duba aikinta, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro a bayan idonsa, ko kujera bai nuna mata ba.

Kwamfuta ya juyo mata. Zanen shekarun ya fito kamar matsefi mai karyayyun haƙora: dogon layi a kan sittin, wani a kan sittin da biyar, wani a kan saba'in, tsakaninsu kuwa fayau.

Ya ce, "Lambar ƙarshen shekaru iri goma ce, daga sifili zuwa tara. Masu ƙarewa da sifili ko biyar bai kamata su wuce wajen ɗaya cikin biyar ba. Arba'in ke nan. Naki ɗari da sittin da uku. A gindin wace bishiya kika zauna kika haifo tsofaffin nan?"

"Wallahi Malam, da ƙafata na..."

"Kowa da ƙafarsa yake rantse mini."

Nan take ya sa kwamfuta ta zaɓo takarda biyar a kan ƙuri'a, ya jefa lambobin a aljihu bai nuna mata ba. Ya ce Asabar zai je gidajen da kansa, in ya tarar ƙirƙira ce, ita da digiri sai a mafarki.

Auta ta koma gida tana kallon Gwaggo a kaikaice, don ita ce ta riƙa raka ta gidajen, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Gwaggo, ba ke kike raɗa musu amsa ba kuwa?"

"Ni? Yau na ga ikon Allah! Na cinye takalmina a kanki, ladana ke nan?"

Asabar suka ɗunguma su uku. A gidan farko tsohuwa na zaune bakin ƙofar ɗaki tana ninke wanki. Ta gane Auta, amma malamin ta ƙare wa kallo tun daga takalmi.

"Wannan fa? Ba dai jinin nawa ne ya lalace kuka ɓoye mini ba?"

Ya ce, "A'a Iya, shekarunki kawai nake tambaya."

"Sittin."

Sai 'yarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Inna, ki ji tsoron Allah! Ni fa hamsin da biyu gare ni."

"To ɗan nan, rubuta saba'in, kada a yi faɗa."

Bai yi dariya ba. Ya duba takardar, ya dubi Auta, ya tambayi tsohuwar ko wani ya zo jiya ya gaya mata abin da za ta ce. Ta ce baƙonta na jiya mai gyaran famfo ne. Gida na biyu, saba'in. A na uku tsohuwar ta ce sittin da biyar, in bai yi masa ba ya rage. A na biyar ne ya rufe bironsa, ya juyo ga Gwaggo.

"Ke fa, Baba?"

"Sittin."

Auta ta ce, "Haba Gwaggo, tun ina firamare kike sittin!"

Malamin ya juyo ga Auta ya ce, "Kin je gidajen, na yarda. Amma kin rubuta abin da aka gaya miki ba ki tuhume shi ba. Ki koma duka ɗari biyun. Ki nemi shekarun ɗan farin kowace, da takardar haihuwarsa in akwai, ki lissafo daga nan."

Auta ta rungume jakarta. Gwaggo kuwa ta gyara mayafi ta yi gaba tana cewa rakiya dai za ta sake yi, amma kada wanda ya taɓa mata sittin ɗinta.