Kujerar Darakta a Masana'antar Haji Shukor

Maznah ta daɗe tana kula da ma'aikata a masana'antar kifin Haji Shukor da ke garin Muar, kuma ba ta taɓa jin ya yabi kowa ba. Shi ya sa ranar da ya kira ta ofis, ya zuba mata shayi da hannunsa, ya ce zai naɗa ta darakta, sai ta sha jinin jikinta. Ruwa ba ya tsami banza. Ta yi godiya, ta ce za ta shawarci mijinta. Ya ce ba laifi, amma kada ta wuce Juma'a, lauya na jira.

Daga nan ta fara sa ido. Babbar motarsa ta ɓace, wai tana wurin gyara. Hajiya matarsa ta tafi ƙasar waje, birnin Perth, wurin 'yarsu, wai jinya. Kok Wai akanta, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya koma cin taliyarsa a ofis, ƙofa a rufe. Maznah ta raya a ranta cewa bakinsu ɗaya da maigida.

Ana cikin haka Selvi, mai naɗe kifi a ganyen kwakwa, ta tare ta a bayan ɗakin sanyi. Ta ce ta je ofishin asusun ajiyar ma'aikata don ta ciri kuɗin wankin ƙodar mijinta, aka ce tun bara kamfani bai zuba mata komai ba.

"Amma kowane wata ana yanka a albashina, Yaya Maznah. Ina yake zuwa?"

Maznah ta buga wa ɗan ƙanwarta waya, lauya ne a garin Melaka. Ya ce kada ta kuskura ta taɓa biro. A wannan laifin doka ba ta tsayawa a kan kamfani, daraktoci take bi, tsoho da sabo: kotu, hana fita ƙasa, har kurkuku.

Ran Juma'a ta shiga ofis ta ce a fara zuba wa mutane haƙƙinsu, sannan a yi maganar kujera. Haji ya yi dariya.

"Ke dai kin cika zargi. Kasuwa ce ta ja baya, bayan Salla za a daidaita. Ni da na ɗauke ki kamar 'yata?"

"'Yarka tana Perth, Haji."

Bai sake dariya ba.

Ta tattara Selvi da sauran ma'aikata suka je suka kai ƙara. Ta gargaɗe su kada Kok Wai ya ji, don kada ya tsegunta. Duk da haka, kafin hukuma ta motsa, Haji ya hau jirgi zuwa Perth.

Da sammaci ya iso, sunan Kok Wai ne a ƙarƙashin na Haji. Ashe washegarin ranar da Maznah ta ƙi, shi ya sa hannu ya zama darakta. A gaban alƙali ya ce ya san ba a zuba kuɗin ma'aikata, amma Haji ya rantse masa banki zai saki rance da zarar an sami sabon darakta. Aka ci shi tara, aka ɗora masa biyan kuɗin ma'aikata, ya sayar da gidansa da ke unguwar Bakri. Da wannan aka ci gaba da wankin ƙodar mijin Selvi.

A harabar kotu matar Kok Wai ta tsaya gaban Maznah ta tambaye ta ko ta san tarko ne. Maznah ta ce ta sani.

"Kuma kika yi shiru?"

Har yau, in aka ɗauko zancen a shagon shayi, wasu su ce Kok Wai wawa ne, wasu su ce an raba kuɗin da shi a Perth. Maznah dai ba ta tanka musu.