Rawar Hannun Kawu

Akwatin bai fi tafin hannu ba, amma da ɗan ƙanwarsa ya ajiye shi a gabansa a wurin gwajin kiɗansu, sai Kawu ya ji kamar an miƙo masa sandar dogarawa a bainar jama'a.

Tun bara hannunsa na dama ya soma rawa. Da farko shayi yake zubarwa, daga baya abin ya bi shi har kan jita. Kowa a ƙungiyar ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ga shi za su shiga ɗaukar sabon faifai, kuma ɗan ƙanwar nan tasa, wanda shi ne mawaƙinsu kuma shugaba, ya fara cigiyar wani makaɗin a ɓoye. Maganar ta iso kunnen Kawu, don bakin mai gangarsu ba ya riƙe komai.

Yaron ya durƙusa yana bayani cikin irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Feda ce, in ji shi, da an taka ta sai sautin jita ya riƙa karkarwa. Maɓalli ɗaya na saurin karkarwar ne, ɗaya na zurfinta, na ukun ya sa ta zo a tausashe ko a daddatse. In ƙaramar fitilar ta kama, tana aiki ke nan.

"Ka ga, Kawu, in karkarwarta ta haɗu da rawar hannunka, ba mai gane wacce ce ta hannu, wacce ce ta na'ura."

Wato rufin asiri aka kawo masa. Ran Kawu ya ɓaci ƙwarai. Shi ne fa ya koya wa yaron nan riƙe jita tun yana share majina da hannun riga. Ya haɗa wayoyin, ya ɗora ƙafa a kan fedar har ta rufe fitilar, ya yi wa mai ganga alama da kai.

Farkon bai yi daɗi ba. Ya kuskure tsirkiya, mai fiyano ya sunkuyar da kai. Sai Kawu ya daina kokawa da hannun. Ya sake shi ya yi rawarsa a kan tsirkiya ɗaya, na hagu mai lafiyar yana zaɓen muryoyi. Sautin ya fito yana makyarkyata, can ya yi sauri, can ya ja numfashi, kamar muryar wanda ya ƙi yarda ya yi kuka. Gumi ya jiƙa masa riga.

Da suka tsaya, yaron ya washe baki yana yabon fedar, wai dama ya san bai yi zaɓen banza ba.

Kawu ya janye ƙafarsa. Fitilar a mace take, bai taka komai ba.

"Kai fedar ga wancan da kake cigiya," ya ce. "Mai lafiyayyen hannu shi ke bukatarta."

Yaron ya tambaya a hankali, in hannun ya ƙi a ranar ɗauka fa? Kawu ya ce to sai a ɗauki ƙin nasa, a sa sunansa a ƙasa.

Ya juya ya mayar da jitar cikin jaka. Zif ɗin ya ƙi zama a yatsunsa, ya kama ya kuɓuce, ya sake kamawa. 'Yan ƙungiyar suna tsaye suna kallo, ba wanda ya yi gigin matsowa.