Abin da Mas'ud Ya Samo a Mayot

A gidanmu na mahauta a Talata Mafara, in ka tambayi mutum nawa ya samu, amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Mahaifinmu, Baba Sallau, ya yarda duk dukiyar da aka ambaci adadinta a fili baki zai cinye ta, kuma ba a yi masa musu.

Yayana Mas'ud ya dawo daga Mayot, wani tsibiri da ke ƙarƙashin Faransa, inda ya yi shekaru yana fawa. Bai gama hutawa ba ya ji ana neman mai kai nama wata makarantar kwana a Bakura. Ya isa da aikin, ni shaida ce. Takardar shaidar biyan haraji kawai ta rage, ita kuwa sai ka bayyana abin da ka samo a waje da abin da aka cire maka can.

Ni na raka shi ofishin haraji, muka tarar da shi cike da mutane, rabinsu sun san mu. Jami'in, Malam Hashimu, ya ga takardun Mas'ud da Faransanci suke, ya ture su gefe.

"Nawa kas samu can?"

"Alhamdulillahi."

"Na jiya. Nawa?"

"Alhamdulillahi, ranka shi daɗe."

Haushi ya zo mini wuya. Ƙato guda, ya tsallaka teku shi kaɗai, amma tsoron Baba ya ɗaure masa baki! Muka dawo hannu rabbana.

Na tari Baba a zaure, ban ɓoye masa ba. "Baba, in aka ba wani aikin ga, Mas'ud tsibirin nan za shi koma."

Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ya shige gabanmu zuwa ofishin. Ya gaida Malam Hashimu har da tambayar damina da mutanen garinsu Maradun, sannan ya kama hannun rigarsa ya ja shi lungu, yadda dillalan kasuwar shanu ke yi in za a yanke farashin sa. Ya yafito Mas'ud.

"Hwaɗa mishi a kunne."

Mas'ud ya sunkuya ya yi raɗa. Baba kuwa ya juya baya, ya toshe kunnuwansa da yatsu har aka gama.

Da takardar ta fito, Baba ko kallonta bai yi ba. Kafaɗar Mas'ud ya dafa.

"To, ka zamna gida hakanan. Na gaji da jin muryarka cikin waya."