Shekarun Tumpa

Tun da damina ta kankama Malama Shefali ba ta ƙara jin ƙarfin jikinta ba. Kullum sai ta tattaro gefen sari, dogon zanen da take naɗawa, ta keta ruwa kafin ta iso makaranta, ta tarar da yara aji ɗaya cunkushe, ga kwano yana yoyo. Yau kuma ga baƙo, Malam Mizanur, wanda ya zo zaɓen yaran da za a ɗauka kyauta a makarantar kwana ta gari. Sharaɗinsu kada yaro ya wuce shekara sha ɗaya.

Ita dai yarinya ɗaya ta sa a rai, Tumpa, wadda lissafi yake bi kamar ruwa. A makaranta shekarun Tumpa goma ne. A ƙauyen kowane yaro shekarunsa biyu, na gida da na makaranta, iyaye sukan zaftare ɗaya ko biyu ranar sa yaro a aji, kuma babu mai kallon wannan a matsayin ƙarya.

Don baƙo ya ga sabon tsarin da aka ɗora musu, ta raba yaran rukuni-rukuni a kan tabarmi. Ta ce kowane rukuni ya ƙirƙiro tambaya daga gidansu mai ɓoyayyun lambobi biyu, wani rukunin ya warware. Nan da nan ajin ya zama kasuwa. Masu tambayar awaki da agwagi suna gardamar yawan ƙafafu, wasu sun koma faɗa a kan alli.

"Apa, mun gama," in ji Rubel, ɗan baffan Tumpa, yaro mai rawar kai, don haka yaran suke kiran malamarsu. Ya miƙe ya karanto: "Kakarmu ta ce Tumpa ta girmi ƙanenta da shekara uku. In an haɗa shekarunsu, ashirin da ɗaya ne. Nawa ne na kowa?"

Shefali ta yi lissafin a ranta, ta ga sha biyu zai fito. Kakar ba ta san wasu shekarun makaranta ba, na gida ta ba shi.

Malam Mizanur ya yi dariya. "To, mai shekarun ta zo ta nemo abinta."

Rukunin Tumpa suka turo ta allo suna murna, don sun san an gama. Ta rubuta lissafin layi biyu, ta haɗa su, ta sami ashirin da huɗu. Saura ta raba biyu. Sai hannunta ya tsaya. Shefali ta ga lokacin da yarinyar ta gane, domin sai da ta waiwayo ta dube ta.

"Raba mana, uwar lissafi," in ji wata daga kan tabarma. "Ko kifin jiya ne ya tsaya miki a kai?"

Tumpa ta ajiye allin a hankali. "Yallaɓai, ban iya ba."

"Rabon ashirin da huɗu gida biyu?"

"Ban iya ba."

Shefali ta so ta yi magana, amma duk abin da ta ɗauko sai ta ga yarinyar zai kayar. Tausayi ya kama ta, da wata irin gajiya da ta fi ta ruwan safe. Ta zauna a bakin benci.

Baƙon ya matso ya rage murya. "Malama, wannan ce wadda kika dame ni da labarinta?"

"Ita ce," in ji Shefali.

Ya girgiza kai, ya wuce wajen masu awaki da agwagi.