Kan Giya a Aljihu

Gilman Daigle yana kwance a ƙarƙashin wani gingimari, taɓo na jiƙa masa bayan riga, yana karanta lambobin da aka buga a jikin ƙarfen tayoyin baya. Tuni ya gama karantawa. Abin da ya hana shi fitowa shi ne bai san yadda zai miƙe ba, ga Verna Haskell tsaye a kansa da kofin gahawa.

Verna ce mai filin sayar da tsofaffin manyan motoci a hanyar Ashland, kuma aji ɗaya suka yi a makaranta, don haka babu ƙaryar Gilman da ba ta sani ba. Duk da haka ya bar sandar dogarawarsa a bayan kujerar ƙaramar motarsa, ya tako filin yana cije baki kamar saurayi.

Motoci biyu ta ware masa. Ya fara da farar, ya yi mata tatas. Wai motar shimfiɗaɗɗen titi ce, an yi ta don gudu da kwalayen biskit. A ɗora mata jiƙaƙƙen ɓarzajjen itace na damina, a ce ta fito daga daji ta hau tudu, sai ta yi ta kuka kamar akuya. Verna ta ce ya sake duba lambar. Ya duba. Ashe ƙafafun bayanta irin na jan nauyi ne, har da makullin da ke haɗa tayoyi su ja tare a cikin taɓo, daidai da jar motar da ke gefenta. Bambancinsu ɗaya ne tak. Ja tana da giya goma sha takwas da kuloci, fara kuwa da kanta take sauya giya.

Nan gizo yake saƙa. Shekara da shekaru Gilman yana yi wa masu irin wannan mota ba'a a rediyon direbobi. Da abokinsa Merle ya sayi tasa, shi ya laƙaba masa suna Fasinja, sunan ya bi shi har coci. Yanzu ga shi gwiwarsa ta hagu ta ƙare, likita ya ce ko ya rabu da kuloci ko ya rabu da tuƙi. Gilman ya gaya wa matarsa cewa likitan ya ce a rage gishiri.

Ya kama taya ya miƙe da ƙyar, ya ce jar yake so. Har ya zaro kan giyarsa daga aljihu, wani dunƙulen itace da ya sassaƙa da hannunsa tun motarsa ta farko, wanda tafinsa ya goge har yana sheƙi. Duk motar da ya saya sai ya cire nata ya ɗaura wannan, kafin nan ba ta zama tasa ba.

Ya ɗaura shi a jar motar, suka fita gwaji shi da Verna. A kan titi kam ya burge. Yana sauya giya da sauraron ƙarar injin kawai, ko taɓa kuloci ba ya yi, yana satar kallon Verna ko ta lura. Da suka dawo filin ta ce kada ya kashe.

“Yanzu yi mini layin kamfanin takarda. Matsa kaɗan, ka tsaya. Ka sake matsawa.”

“Ke Verna, motar zan saya ko lasin zan sake?”

“Tsoho, ai a layi kake wuni, ba a titi ba. Matsa.”

Gaskiyarta ne, kuma ya ji haushin hakan. A kamfanin da yake kai wa ɓarzajjen itace, a bakin injin da ke ɗaga mota ya zazzage kaya, sai mutum ya yi rabin wuni yana ja da tsayawa, ƙafa a kan kuloci. Ya taka, ya saki. Ya taka, ya saki. Bai yi nisa ba gwiwar ta ɗauki rawa, zufa ta keto masa duk da sanyin. Da ya sake takawa ƙafar ta ƙi, motar ta yi tsalle ta mutu dab da shingen Verna.

Tsoro ne ya kama shi, ba kunya ba. Ya hango kansa a kujerar falo yana kallon motocin wasu suna wucewa ta taga.

Verna ta sauka, ta nufi ƙaramar motarsa kai tsaye, ta dawo da sandar ta miƙo masa.

“Tun daga ofis na hango ka kana ɓoye ta.”

“Merle zai kashe ni da dariya.”

“Zai yi. Ka ci bashinsa, ka biya.”

Ya kwance kan giyarsa daga jar motar, ya tsaya yana jujjuya shi. A cikin farar babu inda za a ɗaura shi, wani ɗan maɓalli ne kawai a gefen sitiyari, kamar na injin wanki. Verna ta karɓa ta shiga garejinta da shi da sandar. Ya ji ƙarar abin huda ƙarfe. Da ta fito, dunƙulen yana zaune daram a kan sandar.

Da la'asar ya fito da farar motar, sandar a jingine a gefen kujera. A bakin titi ƙafarsa ta hagu ta nemi kuloci ta taka wayam, hannunsa na dama ya laluba iska, sannan ya sauka a kan dunƙulen. Injin ya ɗaga murya, Gilman ya tura sandar gaba kamar mai sa giya, motar ta sauya giya da kanta a daidai lokacin.

“Yawwa,” ya ce mata. “Kina koyo.”