Sababbin Tsirkiyoyi a Tsohuwar Jitar Kawu

Kawu kowa ke ce masa a maɗaba'ar da yake aiki, har mai gidan da ya girme shi. Aikinsa yankan takarda: ya jera, ya daidaita baki, ya sauke wuƙar inji. In an tashi sai ya wanke hannu, ya bi ta bayan tashar mota, ya hau benen da ke saman shagon masu faci, inda yake da ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsu ɗaya tilo ta yi aure a wani gari mai nisa, sai dai waya.

A ɗakin akwai gado, da kujera, da ƙaramar lasifika mai yagaggen ƙyalle, da jitar bes jingine a lungu. Bes ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke riƙe wa kiɗa gindi. Mutane ba su cika lura da ita ba sai in ta yi shiru. Da ita Kawu ya yi ƙuruciyarsa a wata ƙungiyar makaɗa da ke zaga otal-otal. Ƙungiyar ta watse tuntuni. Mawaƙin ya koma tuƙin babbar mota, mai ganguna ya riga mu gidan gaskiya, sauran kowa ya kama gabansa.

Tun zamanin ƙungiyar, Kawu bai taɓa canza tsirkiyoyin ba. Gumi da shekaru sun kashe musu ƙyalli, sun yi baƙi, sun yi santsi. In ya taɓa ɗaya ba ta yin ƙara, sai ta ce dum, a taƙaice, can ƙasa, mutum ya ji ta a ƙirji kafin kunne. Wannan sautin shi ne nasa. Da shi yake hira kowace yamma bayan ya sha shayi.

Wata yamma yana cikin kaɗawa sai ƙaramar tsirkiyar ta tsinke, ta tsarge shi a bayan hannu. Ya daɗe zaune yana kallonta. Washegari ya samo sabuwa guda ɗaya ya ɗaura, amma ina, ba su jitu ba. Uku suna magana kamar dattawa, ita kuwa tana ƙara kamar an jefar da cokali a siminti.

Da 'yarsa ta kira ya ba ta labari, yana yi kamar abin dariya ne.

"Baba, ai akwai irinku da yawa," in ji ta. "Abokin aikin maigidana yana wani guruf na masu son bes. Bari in sa a saka ka. Ko ba komai ka samu abokan hira, ka daina magana da bango."

"Wa ya ce miki da bango nake magana?"

"To da jita. Duk ɗaya ne."

Haka Kawu ya tsinci kansa a cikin guruf. Wayarsa da ta saba kwana biyu ba ta yi motsi ba, sai ga ta tana tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Hotunan jitoci, hotunan amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, musu a kan ko irin katakon da aka yi jita da shi yana canza sauti. Ya daɗe yana karantawa bai tofa ba. Ranar da ya yi ta maza ya tura hoton tasa ya faɗi matsalarsa, amsoshi suka zubo. Wani ya ce ya shafa wa sabuwar man gyaɗa ta mutu da wuri. Wani ya ce ya dafa tsofaffin a tukunya su farfaɗo. Wani ya turo fuskar dariya ya ce, "Kawu, waɗannan tsirkiyoyi ne ko igiyar shanya?"

Shugaban guruf ɗin wani likitan haƙori ne, Likita suke ce masa. Shi ya kira Kawu da kansa.

"Kawu, wannan jitar taka tsohon ƙarfe ce, yanzu ba a yin irinta. Duk Asabar muna haɗuwa a gidana. Don Allah ka kawo ta mu gani da ido."

Ran Asabar Kawu ya goge rigarsa mai dogon hannu, ya sa jitar a jakarta mai ɓataccen zif, ya ɗaure da igiya. A bas sai da ya tsaya a tsaye, ya rungume ta kada a buge mata wuya. Rabon da ya fita da ita har ya manta. Yana tafe yana tuna kaɗe-kaɗen da, yana zaɓen wanda zai fara da shi in an ce a haɗa hannu.

Likita mutum ne mai fara'a, ya tarbe shi tun daga bakin get, ya karɓi jakar da hannu biyu. Ɗakin da ya kai shi ya fi na Kawu girma sau uku, ga sanyin na'ura. Jitocin bes rataye a bango reras, ja da baƙa da ruwan zuma, kowace da 'yar fitilarta. A ƙasa akwatunan sauti ne da wayoyi kamar an zubar da taliya. Mutum biyar ne a ciki, duk suka miƙe suka gaishe shi da girmamawa.

Kawu ya zauna ya zuba ido. Ɗaya zai ɗauki jita, ya watsa yatsu da gudu kamar ana korarsa, ya tsaya cak, ya murɗa wani maɓalli, ya sake. "Kun ji tsakiyar sautin nan? Ta fi fitowa." Wani ya karɓa ya mammari tsirkiya da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce a canza waya. Aka canza, aka yi musu a kan ko an ji bambanci. Shayi ya zo, ya huce. Kawu yana ta jiran lokacin da za a fara kiɗa, har ya gane cewa wannan ɗin shi ne taron.

Can Likita ya tafa hannu. "Jama'a, a ba Kawu fili."

Aka jona masa jitarsa a wata amfilifaya mai tsayin firji. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya kama wani kiɗa mai tafiyar hawainiya da suka saba rufe taro da shi. Sauti huɗu ne kawai ke zagayawa, da sarari a tsakaninsu. A kansa yana jin mai ganguna yana cike sararin, yana jin inda mawaƙi zai shigo. Ya kauce wa sabuwar tsirkiyar gaba ɗaya. Bai kai rabi ba ya ji wani yana raɗa, ya buɗe ido. Suna kallon jitar, ba shi ba.

"Katakon nan yana da kyau," in ji wani matashi da suke kira Injiniya. "Amma Kawu, tsirkiyoyin nan sun shaƙe ta. Kamar an sa mata bargo."

"Wallahi," in ji Likita. "Jita irin wannan, a ce ba ta numfashi."

Kawu ya yi murmushi, yana neman yadda zai faɗa musu cewa bargon shi yake so. Kafin ya haɗa kalmomin wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Ya jingine jitar a kujera ya fita baranda.

"Baba, ka je?"

"Ina can ma yanzu."

"Alhamdu lillahi! Ya mutanen?"

"Mutanen kirki ne. Sun karrama ni ƙwarai. Har kiɗa na yi musu."

Ta yi ta murna. Ta ba shi jikarsa, yarinyar ta rera masa waƙar makaranta tun daga farko har ƙarshe, ta ce sai ta maimaita don ta yi kuskure. Kawu ya jingina da ƙarfen baranda yana saurare, yana dariya shi kaɗai. Rabonsa da jin daɗi irin na wannan lokacin an jima.

Da ya koma ɗakin sai ya tarar da su tsaye sun kewaye tebur. Jitarsa na kwance a kan tawul. Injiniya na goge mata wuya da ƙyalle, Likita na murɗa kunnen tsirkiya ta ƙarshe. Huɗu sababbi fil, suna walƙiya. A gefen tebur ga filaya, a kwandon shara kuma ga tsofaffin, an datse kowace biyu don saurin cirewa, sun lanƙwashe a kan bawon lemo.

"Kyauta ce daga guruf," in ji Likita, fuskarsa cike da farin ciki. "Mafi kyawun da nake da su ke nan, na daɗe ina ɓoyonsu. Na ce sai jitar da ta cancanta. Bismilla, Kawu, ji yadda ta farka."

Kawu ya matso kusa da teburin. Ya dubi kwandon, ya dubi Likita. Babu mugunta ko ɗigo a idon mutumin. Ya karɓi jitar, ya taɓa babbar tsirkiya. Ta yi wata ƙara mai haske, mai tsawo, da ƙarfe-ƙarfe a bakinta. Ɗakin ya ɗauki tafi.

"Ka ji ko? Ka ji ko?"

"Na ji," in ji Kawu. "Allah ya saka da alheri. Na gode ƙwarai."

Aka ɗauke su hoto, Likita ya dafa kafaɗarsa. Kafin ya isa tashar bas hoton ya shiga guruf, ana ta yabon Likita da hannun kyauta. Kawu ma ya tura tasa godiyar. Ya so ya roƙi guntayen da ke kwandon, kunya ta hana shi; me zai ce zai yi da su?

A ɗakinsa ya jona jitar a ƙaramar lasifikarsa. Ya rage maɓallin kaifin sauti har ƙarshe, ya cusa guntun soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya kaɗa da tsokar babban yatsa a hankali. Sautin ya dusashe, amma ba shi ba ne. Kamar wani baƙo ne ya shigo ɗakin yana kwaikwayon muryar wanda ya sani. Ya kashe lasifikar, ya zauna yana jin masu faci a ƙasa suna buga ƙarfe.

Bai fita daga guruf ɗin ba, don 'yarsa takan tambaya. Asabar ma yakan je jefi-jefi, hannu rabbana, ya sha shayi, ya saurari musun katako da wayoyi. Ya koyi inda ake gyaɗa kai. In sun ce, "Kawu, ina tsohuwa?" sai ya ce tana gida tana hutawa, su yi dariya.

Wata Asabar, ana sallama a bakin get, ya ja Injiniya gefe.

"Ɗana, irin waɗannan tsirkiyoyin, sukan ɗauki tsawon wane lokaci kafin su mutu?"

"Haba Kawu, kwantar da hankalinka," in ji Injiniya. "Waɗannan masu rufi ne, gumi ba ya shigarsu. An yi su ne don kada su tsufa. Za ka shekara da shekaru suna nan kamar yau aka ɗaura."

"To, madalla," in ji Kawu.

Injiniya ya ce ya zo ya rage masa hanya a mota. Kawu ya ce a'a, yana son ya ɗan taka.