Aron Yaya Tasi'u

Ku yi mini afuwa tun ba mu yi nisa ba. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin waɗanda ake tsinta a bayan ƙyaure da littafi in an yi baƙi. Wannan ne abu na farko da na rubuta ba da umarnin malami ba. In kun ga kuskure, ku kau da kai, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe a gaban surukai.

Abu biyu ya kamata ku sani. Yayana Tasi'u ɗan wasan tsakiya ne, lamba takwas. Shekara tara ke nan yana buga ƙwallo, kuma duk labarin da muke ji a rediyo ɗaya ne: an ba da aronsa ga wata ƙungiya. Na biyu, a gidanmu ni ake aika karɓo kayan aro, kuma ban taɓa dawowa da komai ba. Turminmu wata huɗu yana gidan maƙwabciyarmu Baba Lantana. Sau uku ina zuwa, in gaishe ta, ta ba ni ruwa in sha, in dawo.

To, a daren jiya na yi wani mafarki.

Na gan ni a tsakar gida, Umma tana tuƙa tuwo a cikin rediyo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Zulai, je ki karɓo mini Tasi'u. Ki ce an gode, amma zan yi amfani da shi."

"A wane gida, Umma?"

"Ki fara daga inda aka fara kai shi. Kuma ki ɗaga ƙafa. Abin aro in ya shiga hannu na goma, ba shi da mai shi kuma. Yanzu yana na tara."

Sai ga ni a ofishin ƙungiyar farko. Sakatariyarsu akuya ce mai tabarau, tana cin fayil.

"Tasi'u, yaron kirki," in ji ta. "Wasa arba'in da ɗaya ya yi mana, ƙwallo ɗaya ya ci. Ita ma ƙeyarsa ta daka ta shiga, har ya je ya ba gola haƙuri."

"Yana nan, ranki ya daɗe?"

"Da takardarsa na nan da yana nan." Ta haɗiye. "Maƙwabta ne suka yi baƙi, muka ara musu shi tare da kujeru shida. Kujerun sun dawo."

Ta ba ni ruwa. Na sha, na yi godiya, na fita.

Filin ƙungiya ta biyu a jikin tudu yake, kuma kowane ɓangare hawa yake yi. Kocinsu tsoho ne, ya maƙala usur a kunne kamar biron tela.

"Ɗan nan ba ya riƙe komai," ya ce. "Ka ba shi ƙwallo, ya miƙa. Ka ba shi shayi, ya miƙa wa na gefe. Ranar da muka ci kofi aka ɗora masa a hannu don hoto, kafin mai hoto ya danna ya tura wa ɗan gaba. Kin gan shi nan."

Ya nuna mini hoton. A can ƙarshen layi akwai gwiwar hannu guda. Na gane ta, da tabon da ya samu a bishiyar gwaibarmu.

"Baba, yanzu yana ina?"

"Mun miƙa shi. Halinsa muka koya."

Shi ma ya ba ni ruwa.

Daga nan abin ya yi ta gudu. Ƙungiya ta uku ruwan sama daga ƙasa yake tsirowa a filinsu, don haka a kan lema suke tsayawa su buga. Ta huɗu sun zaunar da shi a benci har bencin ya koyi wasa, suka sa bencin suka ba da Yaya. A ta shida wata mata mai wanke rigunan 'yan wasa ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin ganye. Ta ce, "Gwiwarsa ce ta hagu. A nan ya bar ta, a wasan daf da ƙarshe. Bai faɗa muku ba, ko?" Bai faɗa ba. Na sa ta a jakar makarantata, tsakanin littattafai, don kada ta bugu. Kowane gida sai an ba ni ruwa. Kafin in kai na tara cikina yana kaɗawa kamar tulu a kan jaki.

Filin ƙungiya ta tara ya fi kasuwar garinmu girma, kuma ya cika maƙil. Ana wasa, amma babu ƙwallo, don sun ba da aronta. Kowa dai yana gudu yana zufa. Alƙalin wasa zakara ne. A bakin fili mutanen ƙungiya ta goma suna tsaye da baro, an shimfiɗa masa tabarma.

Can a tsakiya na hango Yaya Tasi'u. Ya yi furfura 'yar kaɗan. Yana ɗingishi, yana ɗaga kai, ya duba dama ya duba hagu, yana neman wanda zai ba abin da babu.

Mai tsaron ƙofa ya ce da ni, "In zakara ya yi cara, wasa ya tashi, za a loda shi. Mai kaya ya yi magana kafin nan."

Na dubi baron, na dubi zakaran. Sai kawai na taka cikin fili. Ba wanda ya hana ni. 'Yan baya sun tsare kowa, sun tsare tutar kusurwa, mutum biyu ma sun tsare inuwar alƙali, amma ni ba wanda ya gan ni. Haka ake yi mini a gidan biki, haka ake yi mini a aji. Ban taɓa sanin abin yana da amfani ba.

Yaya ya ɗago. "Zulai. Ke kaɗai ce ba a tsare ba."

"Umma ce ta ce wai, in ba damuwa..."

"Ƙanwata, ba a miƙa wa wanda bai nema ba. Doka ce."

Zakara ya hau kan raga, ya fara kaɗa fiffike. Daidai nan shugaban ƙungiyar ya nufo ni, da babbar riga da murmushi, riƙe da kwanon sha. Ruwan har raɓa yake yi don sanyi.

"Sannu da hanya, 'yata. Sha ki huta, ki gaida mutanen gida."

Hannuna har ya tafi da kansa. Na kamo shi da ɗaya hannun.

"Na gode, Alhaji. Ba ruwa na zo sha ba. Wancan namu ne. A ba mu kayanmu."

Cara ta maƙale wa zakara a wuya.

Yaya ya duba ƙasa, babu ƙwallo. Sai ya ja da baya taku biyu, ya sa cikin ƙafarsa ta dama ya turo jikinsa gaba ɗaya kamar ƙwallo. Ya taho yana mirginawa a hankali a kan ciyawa, ya ratsa tsakanin 'yan baya uku, ya tsaya cak a kan yatsuna. Wani a cikin 'yan kallo ya ce, "Kai, yaron nan ya iya ajiye abu inda ya dace."

Na ba shi gwiwarsa, ya saka. Na naɗe gammo, na ɗora shi a ka. Nauyinsa kamar na icen ƙirya.

"Umma ta ajiye mini tuwo?" ya tambaya daga sama.

"Kullum tana ajiyewa. Ni nake ɗumamawa da safe."

Muna tafe sai na ji yana ƙara, dum, dum, dum. Na ce, "Yaya, lafiya?" Dum, dum.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Daka ake yi a bayan katanga, gidan Baba Lantana. Na san muryar turmin nan ko a cikin dubu, don yana da 'yar tsaga a baki.

Yaya har yanzu yana inda yake, ban isa in ɗauko shi a ka ba. Amma zan ajiye biro a nan. Umma tana kan sallaya tana lazimi, ba ta san na tashi ba. Na sa hijabi, na naɗe gammo, takalmana suna hannuna don kada su yi ƙara a soro.

Ruwa kuwa na sha tun a gida.